MALAMI SHI NE SUFETON MALAMI

Ya ku 'yan'uwa talakawa, manoma da 'yan kasuwa na Wurogauri da sauran garuruwan ƙasar Gwandu da Kalgo, yau maganar makarantun 'ya'yanmu za mu yi. Uba nawa ne a cikinku ya miƙa wa ɗansa ɗan aji shida takardar asibiti ya karanta masa, yaro ya tsaya yana juya ta, ya kasa? An ɗauke shi daga gona shekara shida, an hana ƙanwarsa talla, an sayi yunifom da littafi da kuɗin gero, amma ba karatu. Manya sun kai nasu 'ya'yan makarantun kuɗi a Birnin Kebbi da Abuja. Asarar tamu ce mu kaɗai.

To, wa ke duba aikin malamai? Tun zamanin En'e abin da muka sani shi ne sufeto. Ya taso daga birni, labarin zuwansa ya riga shi isa, a share fili, a tattaro yara, a cika rajista. Ya zauna ofishin hedimasta, ya duba takardu, ya sa hannu, ya koma. Rahotonsa kuwa ba uban yaro ko ɗaya da zai ji abin da ke ciki. Ba mu ce sufeto ba shi da amfani ba. Amma mutum ɗaya da makarantu barkatai, ga damina ta yanke hanya, ina zai zauna ya ji yadda ake koyar da lissafi a aji biyu?

Ku 'yan kasuwa kun riga kowa sanin maganin wannan. A Fulatanci wuro gari ne, gauri kuwa hatsi, don haka mutanen Wurogauri ba sai an koya musu awo ba. In mai awo ya buga gindin mudunsa ya shige ciki, wa ke fara ganewa? Maƙwabcinsa na rumfa, wanda shi ma awon yake yi. Haka abin yake a tsangaya. Alaramma in ya rubuta Alƙur'ani da ka, gwanaye 'yan'uwansa yake kai wa su bi shi harafi harafi, su gyara inda ya yi tuntuɓe. Ba ofis ke naɗa gwani ba. Ƙasar da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa ba baƙuwar wannan tsari ba ce.

Akwai masu cewa maganin kawai kora ne. An gwada. A 2017 Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman furamare kimanin 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa samun kashi 75 cikin 100, aka sallame su, malamai suka shiga yajin aiki a Janairun 2018. A 2022 aka sake korar 2,357. Wanda bai iya karatu ba, gaskiya ne, bai kamata ya tsaya gaban yara ba. Amma jarrabawar yini ɗaya ba ta koya wa kowa koyarwa, kuma sabon da aka ɗauka, in aka jefa shi aji shi kaɗai ba mai leƙa shi, gobe shi ma haka zai zama.

Wata hanyar ita ce malamai su riƙa duba juna, kuma ita ma an gwada ta. A Jafan fiye da shekara 100 ke nan malamai suke haɗuwa su shirya darasi ɗaya, ɗayansu ya koyar, saura su zauna bayan aji suna lura da abin da yara suka gane da abin da ya shige musu duhu, daga baya su tattauna su gyara. Zambiya ta ɗauki wannan dabara a 2005. A Landan, daga 2003 zuwa 2011, an haɗa makarantun da suka yi ƙarfi da waɗanda suka yi rauni, shugabanninsu suna shiga makarantun juna, har makarantun birnin suka wuce na sauran Ingila a jarrabawa. Nan gida ma, a 2006 aka fara wani shiri da taimakon Jafan a jihohin Kaduna da Neja da Filato, inda malaman lissafi da kimiyya ke taruwa rukuni-rukuni suna koya wa juna.

Ga abin da muke kira a yi a ƙananan hukumomin Gwandu da Kalgo.

Na farko, a haɗa makarantun da ke kusa da juna uku-uku, waɗanda keke ko babur zai iya haɗawa. Sau ɗaya a kowane zango hedimasta da malamai biyu su wuni a makarantar maƙwabta, a cikin aji, tun daga kaɗa ƙararrawa har tashi.

Na biyu, kada a tsaya ga rajista. Baƙin su zaɓi yara goma da kansu daga aji uku, kowa ya karanta layi biyar na Hausa, ya yi lissafin canjin kasuwa. Su ƙirga malaman da suka zo da waɗanda ba su zo ba.

Na uku, a karanta sakamakon da Hausa a gaban iyaye da kwamitin kula da makaranta, maza da mata, da mai gari da liman. A faɗi abu biyu da makarantar ta iya, da abu biyu da za ta gyara kafin zango mai zuwa. In an dawo, a fara da tambayar ko an gyara.

Mun san abin da za a ce: ai sai su rufa wa juna asiri. Shi ya sa muka ce uku-uku. Ta farko ta duba ta biyu, ta biyu ta duba ta uku, ta uku ta duba ta farko, ba wanda ke duba mai duba shi, kuma kowace shekara a sauya. Bayan haka, bakin yaro ba ya karɓar goro. In ya iya karatu kowa zai ji, in bai iya ba kowa zai ji.

Wasu kuma za su ji tsoron kada abin ya zama bulalar siyasa. Tsoron yana kan hanya. Ranar da aka ɗauki wannan rahoto aka tura malami ƙauye mai nisa don ba ya bin jam'iyyar ciyaman, ranar tsarin ya mutu, domin ba mai ƙara buɗe ƙofar ajinsa. Sai a rubuta tun farko cewa rahoton na gyara ne, hukunci kuwa yana da tasa hanya.

Kada kuma hukuma ta ɗauka an sauke mata kaya. Dokar 2004 ta ce karatun shekara tara kyauta ne kuma dole, ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya dominsa, jiha ta kawo nata kason ta karɓa. Malamin da bai ga albashi a kan lokaci ba, ajin da ba alli ba rufi, ziyara ba ta warkar da su. Hukumar SUBEB ta Jihar Kebbi ta biya kuɗin mai da abincin ranar ziyara. Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu da Jami'ar Tarayya da ke Kalgo su horar da masu dubawa, ai a ƙofar gidansu abin yake.

Ku kuwa iyaye, kada ku jira takarda daga sama. Ranar kasuwa mai zuwa ku tari kansilanku da shugaban kwamitin makarantarku, ku tambaye su yaushe malaman garin maƙwabta za su zo su ji karatun 'ya'yanku. In sun ce ba a saba ba, ku ce a fara. Allah ya ba 'ya'yan talakawa ilimi mai amfani, amin.