Kwamfutar da ba ta san Chrome ba

Kun san Windows, kun san Android, su ne manhajojin da ke tafiyar da kwamfuta da waya. Yau ga wata da da wuya ku taɓa jin sunanta: Plan 9.

A cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka aka ƙirƙire ta, tun ƙarshen shekarun 1980. Cikin masu aikin akwai Rob Pike da Ken Thompson, wanda ya fara Unix. Sun yi ta ne don gwada wata dabara, a ɗauki komai a matsayin fayil. Linzamin kwamfuta fayil ne, allo fayil ne, har haɗin intanet ma fayil ne da za ka buɗe ka karanta ko ka rubuta a ciki.

To, mutum zai iya rubuta manhajojinsa a cikinta kaɗai, ba Windows ba Linux? Akwai masu yi, kuma ina ganin dalilinsu. Lambobin da aka gina ta da su duka suna ajiye a wuri guda, /sys/src, kuma ba su yi yawan da za su gagari ɗalibi mai naci ba. In kana son sanin yadda aka zana harafi a allo, sai ka buɗe ka duba da idonka. Manhajar rubutunta, acme, ba ta da ado, ba ta ma rina lambobi da launi. Amma ka rubuta umarni ko'ina, ka danna shi da maɓallin tsakiya na linzami, nan take ya yi aiki. Yaren C na nan, Go ma yana tafiya.

Sai dai fa zaman akwai tsada. Babu Chrome, babu Firefox. Burauzarta mothra ba ta gane JavaScript, don haka YouTube da WhatsApp Web sai dai ka ji labari. Wi-Fi na kwamfutoci da yawa ba ya kamawa. In ka maƙale kuma, masu amsa maka kaɗan ne. Wanda ke da kwamfuta ɗaya tak a gida, wadda da ita ake rajistar jarrabawa, kada ya kuskura ya goge Windows saboda ita.

Af, mu ma muna cin moriyarta. A 1992 Thompson da Pike suka tsara UTF-8, kuma a Plan 9 aka fara amfani da shi. Da wannan tsarin ne ƙ da ɗ da ɓ ke fita daidai a saƙonninmu.

Mai son gwadawa ya nemi 9front, reshenta da aka fara a 2011, kyauta ne. Ya ɗora ta cikin QEMU, Windows ɗinsa na nan ba abin da zai taɓa shi. Ya tanadi linzami mai tayar tsakiya, danna tayar shi ne maɓallin tsakiya.