Ra'ayinmu: Mai Ƙaramin Rumbu da Awo Yake Ci

A ƙasar Maƙarfi da Ikara da Kudan, kamar sauran ƙasar Zazzau, da ƙarfin jiki ake auna mutum. Wanda ya yi sammako ya shiga fadamar rake, ya sare, ya ɗaure, ya loda a mota, shi ne namiji. Wadda ta yi surfe da daka da ɗiban ruwa ba ta ce wash ba, ita ce mace. Wannan tarbiyya ita ta biya wa da yawa daga cikinmu kuɗin makaranta, saboda haka ba mu raina ta ba. Amma akwai wani ciwo wanda wannan tarbiyya, in ba a yi hattara ba, takan ƙara wa mai shi azaba a kan azaba. A kansa muke so mu ja hankalin 'yan'uwa ɗalibai da ƙananan ma'aikata a wannan fitowa.

Ciwon shi ne wanda za mu kira ciwon gajiya mai naci, likitoci kuwa sukan rubuta shi a takarda da haruffan ME/CFS. Kowa ya san gajiya: manomi ya dawo daga huɗa, ya ci tuwo, ya yi barci, gari ya waye ya tashi garau. Ta mai wannan ciwo dabam ce. Yakan kwana yana barci ya farka kamar an yi masa dūka. Aikin da a da yake yi yana raha, yanzu ya gagare shi wata da watanni. Tunaninsa yakan yi nauyi, ya karanta shafi guda sau uku bai riƙe kome ba. Waɗansu in sun daɗe a tsaye sai jiri ya ɗebe su, zuciya ta riƙa bugawa. Babbar alamar kuwa ita ce wannan: in mutum ya ɗan wuce ƙa'idarsa, ko da tafiya ce zuwa kasuwa ko zaman lacca ta awa biyu, ba nan take zai ji a jikinsa ba. Sai bayan awa 12 zuwa 48 ciwon zai rufto masa, ya kwantar da shi kwana da kwanaki. Shi ya sa maƙwabta sukan ce, "Ai jiya mun gan shi a wurin ɗaurin aure, lafiyarsa ƙalau." Sun ga jiya, ba su ga jibi ba.

Kada wani ya ɗauka sabon salo ne na 'yan boko. A shekarar 1955 ma'aikata kusan 300 na asibitin Royal Free da ke Landan suka kwanta da irin wannan cuta, har aka rufe asibitin na wani lokaci. Tun 1969 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Duk da haka a 1970 waɗansu likitoci biyu a Ingila suka rubuta cewa abin da ya faru a wancan asibiti ruɗu ne kurum, wannan zato kuwa ya daɗe yana cutar da marasa lafiya. Sai a 2015 Cibiyar Nazarin Likitanci ta Amurka ta fito da babban rahoto, ta tabbatar cewa ciwo ne na jiki mai tsanani, ta kuma nuna cewa mafi yawan masu fama da shi ba a ma gano abin da ke damunsu ba, kuma wajen ɗaya cikin huɗu nasu sukan kai matsayin da ba su iya fita daga gida ko tashi daga gado.

Kada kuma a ce ciwon Turawa ne. Binciken da Mary Gloria Njoku da Leonard Jason da abokiyar aikinsu suka yi a nan Nijeriya, aka buga a 2007, ya sami kusan mutum 7 cikin kowane 1,000 na manyan da aka bincika suna da shi. Ya fi kama mata, kuma sau da yawa yakan biyo bayan wata cuta mai zazzaɓi wadda mutum ya yi zaton ya warke daga gare ta. Bayan annobar korona ta 2020 likitoci a ƙasashe da dama sun ga ƙaruwar masu irin waɗannan alamu.

To, a ce ɗan Gubuci, ɗalibi ko malamin makaranta ko akawu a sakatariya, ya sha yawo daga kemis zuwa asibitin Maƙarfi, daga nan aka tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, likita ya gama bincike ya ce wannan ciwo ne. Mene ne abin yi?

Abu na farko, ya tabbata binciken ya cika. Har yanzu babu wani awon jini guda da ke nuna wannan ciwo. Likita yakan gane shi ne daga alamunsa, bayan ya kawar da sauran cututtukan da ke kawo kasala. A ƙasarmu kuwa waɗannan suna da yawa: zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin jini, sikila, ciwon hanta, tarin fuka, ƙanjamau, ciwon suga, ciwon ƙoda, matsalar maƙoƙo, da ciwon damuwa. Yawancinsu suna da magani ko hanyar kulawa sananniya, asara ce babba a bar mutum da su a kan an ba shi wani suna. Haka kuma bayan an tabbatar, duk sabuwar alamar da ta ɓullo, kamar zazzaɓi mai zafi ko rama ko tari da jini, a koma wurin likita. Mai wannan ciwo ma sauro yana cizonsa.

Abu na biyu, kuma shi ne gishirin maganarmu, ya koyi awo. Kowane ɗan Gubuci ya san magidancin da rumbunsa bai cika ba. In yana da hankali, tun daga kaka yake ƙidaya tiya nawa za a ɗiba kowace rana domin hatsin ya kai shi damina. In kuwa ya yi facaka, sai bazara ta same shi yana cin bashin hatsi wanda zai biya da riɓi. Mai ciwon gajiya mai naci rumbun ƙarfinsa ya ƙanƙance, kuma barcin dare ba ya cika shi. Duk abin da ya yi ɗiba ne: tafiya, karatu, hira mai tsawo, ɓacin rai, har tsayuwa a layi cikin rana. In ya ɗebi fiye da na ranar, bashi ya ci, jiki kuwa mai bin bashi ne marar sassauci. Saboda haka ya sami ɗan littafi ya riƙa rubuta abin da ya yi kowace rana da yadda ya ji bayan kwana biyu. Cikin 'yan makonni zai gane iyakarsa. Ya rarraba aiki gunduwa-gunduwa, ya huta tun kafin ya gaji, ya zauna a inda zama zai yi, ya kwanta a inda kwanciya za ta yi. Ranar da ya tashi da ɗan dama-dama ita ce ranar hatsari, domin a ranar ne zuciya ke raya masa ya rama duk abin da ya wuce shi. Sannu ba ta hana zuwa.

A nan lalle ne mu yi gargaɗi game da shawarar nan da kowa ke bayarwa kyauta, watau "ka riƙa motsa jiki, ka daure." Shekaru da dama likitocin Turai su ma haka suke cewa, suna sa marasa lafiya su riƙa ƙara motsa jiki mataki-mataki ko da suna jin jiki. A watan Oktoba na 2021 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta janye wannan hanya, bayan ta duba hujjoji ta kuma saurari ɗimbin waɗanda suka ce ta ƙara musu ciwo. Ta kuma bayyana cewa zama da masanin halayyar ɗan'adam yana iya taimaka wa mutum ya jure zama da ciwon, amma ba ya warkar da shi. Abin da masu asibitoci na zamani suka gwada suka bari, bai kamata mu ɗora wa ƙannenmu shi da sunan jarunta ba.

Abu na uku shi ne magani. Gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata: har yau babu ƙwaya ko allura da aka tabbatar tana warkar da wannan ciwo. Abin da likita zai bayar na rage raɗaɗin alamu ne. Don ciwon jiki yana iya ba da farasitamol, wanda babba ba ya wuce giram 4 a yini, domin wuce haka yana lalata hanta. Irin su dikulofenak da ibufurofen, in aka daɗe ana sha, suna cin ciki suna taɓa ƙoda. Don rashin barci da ciwon jijiya wani likita yakan ba da ɗan kaɗan na amitiriftilin da dare. Masu wannan ciwo sau da yawa magani yakan bugar da su fiye da sauran mutane, shi ya sa ƙa'ida ita ce a fara da kaɗan, a ƙara sannu a hankali, kuma a fara magani ɗaya-ɗaya domin a san wanda ya yi amfani da wanda ya yi illa. Mai yawan jiri ya yawaita shan ruwa, musamman da bazara, amma kada ya ƙara gishiri sai likita ya auna jininsa ya yarda. Kowane magani a rubuta sunansa da ranar da aka fara shi a cikin ɗan littafin nan, a tafi da shi asibiti. Kada a yanke magani farat ɗaya ba da sanin likita ba. Mai juna biyu ko mai shayarwa ta faɗa tun kafin a rubuta mata kome.

Inda muka fi jin tsoro shi ne kasuwa. Duk wanda ya taɓa cin kasuwar ƙauye ya ji mai lasifika yana tallar maganin ƙarfi, wanda wai shi kaɗai yana kashe basir da shawara da sanyi da kasala. A kemis kuma akwai haɗin ƙwayoyi da ake ƙullawa a leda ba suna ba awo. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa 'yan ƙwadago da yawa a Arewa sun faɗa shan tiramadol domin su yi aikin mutum biyu, kuma barnar kodin ta kai har Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a watan Mayu na 2018. Ga mai ciwon gajiya mai naci waɗannan guba biyu ne. Suna sa jaraba, sannan suna toshe kunnen mutum ga kukan jikinsa, ya yi ta ɗiba daga rumbun da ya riga ya ƙare. Haka deksametason da ake sha don ƙiba ko kuzari: yana iya jawo ciwon suga da hawan jini da raunin ƙashi. Ko goro da shayi mai kauri da lemon ƙara kuzari, ƙarfin aro suke bayarwa. Ƙarin ruwa da allurar ƙarin jini ga wanda jininsa bai ragu ba, zubar da kuɗin iyaye ne kawai. Wanda kuma yake shan sassaƙe ko jiƙo, ya gaya wa likita, domin wani ba ya jituwa da maganin asibiti.

Mun san a gida za a ce jifa ne, ko sammu, ko iska. Addu'a takobin mumini ce, ba mu hana kowa ba. Abin da muke ƙi shi ne a sayar da gona ko ɗan bijimi a kai wa wanda ya yi alkawarin waraka cikin kwana bakwai. Addini kuwa ya riga ya yi sauƙi: marar lafiya yana da rangwamen yin salla a zaune da na ajiye azumi. Ya tambayi malamai, kada kunyar idon jama'a ta sa ya kwantar da kansa wata guda.

Game da gaba, ba za mu yi wa kowa daɗin baki ba. Warkewa sarai ba ta da yawa ga manya. Amma da dama sukan sami sauƙi har su koma karatu ko aiki daidai gwargwado, yara da matasa kuma sun fi samun sa'a. Wanda baƙin ciki ya yi wa yawa har ya fara yanke ƙauna, ya faɗa wa likita ko wani amini, wannan ma abin jinya ne.

Bisa ga haka muna kira ga hukumomin jami'o'i da su karɓi takardar likita a kan wannan ciwo kamar yadda suke karɓar ta karaya, su yarda ɗalibi ya rage darussa ko ya jingine zango ba tare da an kore shi ba, a ba shi ɗaki a ƙasa kusa da aji, a ƙara masa lokaci da hutu a zauren jarrabawa. Muna kira ga shugabannin ma'aikatu da na ƙananan hukumomi da su dubi rage awoyi da sauya wurin aiki kafin su ɗauko takardar tuhuma. Muna kira ga 'yan'uwanmu masu koyon likitanci a Zariya da masu koyon aikin lafiya a Maƙarfi da su karanci wannan ciwo da kyau, domin su ne mutumin ƙauye zai fara tararwa, kuma kalmar farko da ta fito daga bakinsu ita za a maimaita a gida.

Mu kuwa ɗalibai namu aikin ya fi kusa. Mu ara wa abokinmu littafin lacca, mu karɓo masa abinci, mu ɗebo masa ruwa. In mun je hutu Gubuci ko Hunƙuyi ko Ikara, mu zauna da iyaye mu yi musu bayani da harshen da za su gane, tun da maganar ɗan makaranta tana da nauyi a zaure. Musamman mu tsaya wa mata, waɗanda ciwon ya fi kamawa, kuma su aka fi saurin kira masu son jiki, har wata aurenta ya yi rawa a kan laifin da ba ta yi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ɗan'uwanmu ya ce ƙarfinsa na yau ya ƙare, mu gaskata shi, mu bar shi ya huta.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, mu kuma ya ba mu haƙurin jinyarsu, amin.