Yatsa Ba Makulli Ba Ne

Duk ɗan Arewa mai neman abinci a Ikko ko Badun ya san hanyar gida. Daga Ilori a haye Kwara a Jebba, a wuce Mokwa, a ɓullo Kontagora, masu zuwa Yawuri da Sakkwato su miƙe. Ya kuma san shingayen da ke kan hanyoyin ƙasar nan. A da kaya ake sa matafiyi ya kwance. Yanzu kuwa sau da yawa wayarsa ake cewa ya miƙo.

Wayar zamani rumbu ce. A cikinta akwai asusun banki, da lissafin bashin abokan ciniki, da hotunan iyali, da maganar da ke tsakanin miji da matarsa. Masu ƙera ta sun kawo hanyar buɗe ta da zanen yatsa ko da fuska, jama'a kuwa suka karɓa saboda sauƙi. To, amma a cikin sauƙin nan haɗarin yake. Lambar sirri tana cikin zuciyar mai ita, sai ya faɗa za a sani. Yatsa kuwa ana iya kama hannun mutum a danna, fuska kuma sai kawai a ɗaga masa wayar. Ɗan fashin da ya tare hanya ma ya san wannan.

Doka ba ta yi shiru ba. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da maganarsa ta waya. A watan Oktoba na 1920 babu wanda ya san wannan na'ura, amma a Oktoba na 2020 binciken wayoyin matasa yana cikin abubuwan da suka tayar da zanga-zangar EndSARS, har Sufeto Janar na 'Yan Sanda na lokacin, Mohammed Adamu, ya hana binciken waya barkatai ba da izini ba. A 2023 kuma aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a. Ko a Amurka, tun 2014 Kotun Ƙoli ta yanke cewa sai da takardar izinin alƙali za a bincike wayar wanda aka kama.

Babu mai musun cewa 'yan bindiga sun addabi ƙasar Kontagora da maƙwabtanta, kuma da waya masu kai musu rahoto ke aiki. Wanda ake zargi da hujja, a bincike shi bisa doka. Amma wannan bai halatta a tona asirin kowane mai sayar da albasa ko direban tirela a bakin titi ba. Jami'in da ya wulaƙanta talaka yau, gobe ba zai samu labarin ɓarayi daga bakinsa ba.

Saboda haka ya kamata matafiyi ya cire buɗewa da yatsa da fuska tun kafin ya bar tasha, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya manta, ya kashe wayar ya sake kunnawa, don ba za ta buɗe ba sai da lambar. In an tsayar da shi, ya yi magana da ladabi, ya riƙe sunan jami'in da wurin. Sarakunan Hausawa na Agege da Sabon Badun su riƙa tattara irin waɗannan koke-koke suna kai wa hukuma. Wakilan Jihar Neja a Majalisar Ƙasa kuma su nemi a rubuta ƙarara cikin doka cewa ba a danna yatsan kowa a wayarsa sai da umarnin kotu.