Rigar Da Ba A Cirewa A Zafin Zighan

Na yi shekara biyu ina aikin gonar dabino a Zighan, wani ƙaramin gari da ke arewa maso gabas da Sabha a kudancin Libiya. Mu takwas ne a ɗaki guda, Hausawan Nijar da na Najeriya. Wanda ya san bazarar Fezzan ya san zafi kan haura digiri 40, kowa da gajeren wando yake kwana. Amma akwai wani yaro ɗan wajen Maraɗi da bai taɓa cire riga a gabanmu ba. Ranar da asirinsa ya tonu a bakin famfon ban ruwa, muka ga ashe da tsumma yake ɗaure ƙirjinsa, saboda nono ya fito masa kamar na budurwa. Daga ranar sunansa ya koma Amarya. Ba zan wanke kaina ba, har da ni aka yi dariyar.

Wata uku bayan nan na gane ya daina aika wa mahaifiyarsa kuɗi. Tarawa yake don ya tafi Tunisiya, inda 'yan Libiya da yawa ke zuwa neman magani, a yanke masa. Hotunan da yake kalla a Facebook da TikTok, na kafin tiyata da bayanta, sun gama gaya masa cewa shi ba cikakken namiji ba ne sai wuƙa ta taɓa shi. Mu kuma muka sa hannu a kan wannan hukunci da bakinmu.

Da ƙyar na ja shi wurin likita a Sabha. Tambayar farko da likitan ya yi masa ita ce ko ya taɓa yin doguwar yunwa. Ashe a hanyarsa ta zuwa daga Agadas an tsare shi wata huɗu a gidan masu neman kuɗin fansa, burodi ɗaya a wuni. Likitoci sun san wannan tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da fursunonin yaƙi da suka sha yunwa suka koma cin abinci, nono ya kumbura wa da yawansu, daga baya ya saɓe da kansa. Wato abin da muke yi wa dariya tabon azabar da ya sha ne.

Jikin kowane namiji yana ɗauke da sinadarin maza da kuma ɗan kaɗan na mata. Idan ma'aunin ya karkata, nono kan tasa. Yana faruwa ga kusan rabin samari a lokacin balaga, kuma galibi yakan tafi cikin wata 6 zuwa shekara 2. Yana zuwa da tsufa, da ƙiba, da ciwon hanta ko ƙoda, da shan giya, da wasu magungunan hawan jini da na gyambon ciki. Abin takaici, allurar ƙara tsoka da masu ɗaga ƙarfe ke yi don su zama ƙarti tana cikin manyan masu haddasa shi. Wani lokaci kuma alama ce ta ƙari a maraina, ko sankarar nono, wadda kusan kashi 1 cikin 100 na masu ita maza ne. To wanda muka sa ya ɗaure ƙirji da tsumma don kunya, yaushe zai nuna wa likita?

Wani zai ce ai jikinsa ne, kuɗinsa ne, in yana son tiyata ina ruwanka? Ban ƙi ba. Idan an bincika dalili, abin ya daɗe bai saɓe ba, yana ciwo ko yana hana mutum sakewa, tiyata magani ce, kuma malamai da dama sun halatta gyaran aibu. Abin da nake faɗa da shi shi ne a kora yaro zuwa ga wuƙa da izgili, a kuma sayar masa da ita kamar sabuwar waya, ba gwajin jini, ba tambaya.

Ban san yaushe muka fara auna mazantaka da shafaffen ƙirji ba. Ku dubi 'yan kokawar da ke neman takobi a Nijar, ƙirji ya cika, tumbi a gaba, filin wasa na yi musu kirari. Ku tuna kuma ranar da sahabbai suka yi dariyar sirantar ƙwaurin Abdullahi ɗan Mas'ud, Annabi (SAW) ya sanar da su nauyin ƙafafun nan a mizani ya fi dutsen Uhudu.

Kafin in bar Zighan kumburin yaron ya ragu sosai, ba a yanka shi ba, ya ci gaba da aika kuɗi gida. Sunan Amarya ne kawai ya ƙi saɓewa, domin shi babu likitan da ke cire shi. Na nemi gafararsa, ya ce ba komai, amma har na tafi da riga yake kwana. Idan akwai irinsa a ɗakinku ko a majalisarku, ku kama bakinku, ku raka shi asibiti.