Nasiha A Kan Tafkunan Kwaɗi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Bayan haka, ya ku malamai da 'yan kasuwa, kada ku raina maganata don na ɗauko zancen kwaɗo. Ya tabbata a littafin Abu Dawuda cewa wani mai magani ya nemi izinin sa kwaɗo cikin maganinsa, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana kashe shi. To, ina matsayin wanda ya lalata ruwan da yake haihuwa a ciki?

Ku sani kwaɗo yana zuba ƙwansa a ruwa kwantacce marar zurfi, kamar kududdufin bayan gari da tafkunan fadamar Gulbin Zamfara, tun daga Anka har Bukkuyum da Gummi. Can talibambam ke ƙyanƙyashewa, ya ci gansakuka, ya yi ƙafafu, ya fito tudu yana cinye mana gara da gyare da ƙwarin gona, ba ya karɓar ladan ko anini. Kuma da fatarsa yake shan ruwa, saboda haka gubar da ta shiga tafki ba ta barinsa.

Ba mu manta da shekarar 2010 ba, sa'ad da aka gane gubar dalma a ƙasar Anka da Bukkuyum, a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma, har muka rasa yara fiye da 400. An daka dutsen zinariya cikin gidaje, an wanke shi a kududdufai inda dabbobi ke sha. Daga baya aka kwashe gurɓatacciyar ƙasa, aikin ya kai Bagega a 2013. Amma wahalar banza ce in muka koma gidan jiya.

Shawarata uku ce. Ta farko, kowane dagaci ya keɓe tafki guda, ba wankin zinariya, ba ɗaurayar tankin feshi, ba zuba guba don kamun kifi. Ta biyu, da rani a yi gayya a yashe shi, a bar ciyawar gefensa. Wanda aka taɓa wanke zinariya a ciki kuwa, kada a taɓa sai masana sun auna. Ta uku, fatake masu sayen busasshen bududdugi zuwa kasuwannin kudu su dakata a farkon damina, lokacin ƙwai.

Kukan kwaɗo ba shaidar tsarkin ruwa ba ne, amma shirunsa gargaɗi ne, gama ruwa ba ya tsami banza. In damina ta kankama kuka ji tafki tsit, ku bincika tun 'ya'yanmu ba su shiga ba. Allah Ya sa mu gane. Haza wasalam.