Cutar Parkinson: Ina wasannin kwamfuta za su tsaya a jinyar mutanen Shahuci?

A unguwanni irin su Shahuci da ke cikin birnin Kano, idan hannun dattijo ya fara karkarwa yana zaune, tafiyarsa ta koma gajerun taku, rubutunsa a littafin ciniki ya ƙanƙance, akan ce tsufa ne, wasu kuma su ce sammu ko iska. Sau da yawa waɗannan alamomin cutar Parkinson ne, wadda likita James Parkinson ya fara bayyanawa a Landan a 1817.

Cutar tana samuwa ne idan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin suka riƙa mutuwa, shi ne kuwa ke daidaita motsin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum fiye da miliyan 8.5 ke fama da ita. Har yanzu ba ta da maganin warkewa, amma ƙwayar levodopa da motsa jiki suna rage wahalarta ƙwarai.

Matsalar motsa jiki ita ce ɗorewa, domin majinyaci yakan gaji da maimaita abu ɗaya. A nan wasannin kwamfuta suka shigo. Tun bayan fitowar na'urar Nintendo Wii a 2006, masu gashin ƙashi a ƙasashe da dama suke amfani da wasannin da ke sa mutum ya karkata, ya ɗaga ƙafa ko ya miƙa hannu kafin ya ci maki. A ƙasar Holan, masana a Jami'ar Radboud sun gwada majinyata 130 na tsawon wata 6, inda wasu suka riƙa tuƙa keken motsa jiki a gida haɗe da wasa a allo. Sakamakon da mujallar Lancet Neurology ta buga a 2019 ya nuna motsinsu ya fi na ɗaya rukunin da ya tsaya ga miƙe gaɓoɓi kawai.

Sai dai majinyatan Holan sun shiga gwajin ne bayan likita ya gano cutarsu, suna kuma shan magani. A Kano nan ne gizo ke saƙar. Likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ƙalilan ne, akasarinsu a manyan asibitoci kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Levodopa kuma kullum ake shan ta har ƙarshen rayuwa, ga tsada, wanda nauyi ne babba ga ɗan fansho ko ƙaramin ɗan kasuwa. Wasa ba ya mayar da dofamin, saboda haka ba zai maye gurbin ƙwaya ba.

Akwai kuma haɗari biyu. Na farko faɗuwa: mai cutar yana iya kifewa idan ya juya da sauri, don haka dole wani ya tsaya kusa da shi. Na biyu, wasu magungunan cutar irin su pramipexole sukan jawo wa wasu majinyata jarabar caca. Miƙa wa irin wannan mutum waya mai cike da tallan caca yana iya cinye jarin iyali.

Abin da zai yi aiki a Shahuci ya fi na Turai sauƙi. Asibitin Murtala da ke makwabtaka da unguwar zai iya ajiye na'ura ɗaya a sashen gashi, majinyata su riƙa amfani da ita bi da bi a gaban ma'aikaci, maimakon kowane gida ya saya ga ƙarancin wutar lantarki. A gida kuwa, an tabbatar cewa sauti mai bugawa daidai-daidai yana taimaka wa wanda ƙafarsa ke maƙalewa ya ci gaba da taku, kuma ƙaramar waya ma za ta iya kunna shi, ko da kiɗan kalangu ne.

Kafin ranar 11 ga Afrilu, ranar tunawa da masu cutar a duniya, ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano ta jera bukatun bisa tsari: koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane cutar, sanya levodopa cikin tsarin taimakekeniyar lafiya, sannan wasanni su biyo baya. Iyalin da suka ga alamun a jikin nasu kuwa, asibiti za su fara nufa kafin kasuwar waya ta Farm Centre.