Riƙon Ɗa Bayan Saki: Uban da Ba Ya Gari Ba Ya Ƙwace Haƙƙin Uwa

A ƙasar Isa da Sabon Birni, inda tun kaka da kakanni magidanci kan tafi cin rani da zarar hatsi ya shiga rumbu, yanzu kuwa fitinar 'yan bindiga ta mai da tafiyar watanni ta koma ta shekaru, akwai wata mas'ala da ake shan ɗacinta a cikin gidaje, ba a kuwa cika kai ta gaban alƙali ba, watau makomar yaron da aka saki uwarsa alhali ubansa ba ya gari. Tun daga 2019, sa'ad da dubban jama'a suka ƙetara iyaka zuwa Gidan Rumji ta jihar Maradi, waɗansu suka nufi Sakkwato, waɗansu Kurmi, ba a mamaki in saki ya iso ta waya ko ta bakin ɗan aike.

Abin da ke biyo baya kowa ya san shi. Da an gama idda, an yaye yaro, sai baffansa ya yi sallama ya ce ya zo ɗaukar ɗansu, domin wai ɗa na uba ne, kuma jininsu ba zai zama agola a gidan wani ba. Daga nan a miƙa shi ga kishiyar uwa, ko ga tsohuwar da ita kanta riƙon take bukata, ko a haɗa shi da allo da ƙoƙo a tura shi almajiranci tun bai iya wanke wa kansa riga ba. An raba shi da uwar da ke nan, saboda uban da ba ya nan.

To, wannan al'ada ce, ba hukuncin mazhabar Malikiyya da muke bi ba. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san hadana, watau renon yaro da tarbiyyarsa, haƙƙin uwa ne bayan saki, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Idan kuma uwar ta rasu ko ta auri bare, riƙon ya koma ga mahaifiyarta, sa'an nan 'yar'uwarta, kafin a zo kan dangin uba. Abin da ke wuyan uba shi ne nafaƙa, ci da sha da tufa, kuma nisan gari ba ya sauke masa ita, har malamai suka ba alƙali ikon yanka ta daga dukiyar da uban da ba ya nan ya bari. Hatta damar da Mukhtasar na Halilu ya ba waliyyi, ta ya tafi da yaro in zai ƙaura nesa, an gindaya mata sharaɗin amincin hanya da na masauki. Wanda kuwa ya tuna matafiyan da aka ƙone cikin mota wajen Gidan Bawa a Disamba ta 2021 ba zai yi gaggawar cewa sharaɗin ya cika ba.

Ba na ɗora laifi ga wanda ke tsare a daji ko wanda labarinsa ya yanke, domin shi mafƙudi hukuncinsa dabam ne, iyalinsa kuma amana ce a wuyan dangi da hukuma. Maganata tana kan wanda wayarsa ke shiga, wanda ya iya aiko da saki amma ya kasa aiko da kuɗin mudun gero, a zamanin da kuɗi ke isa Isa daga Legas cikin ƙiftawar ido.

Shawarata ga alƙalan kotunan shari'a, da hakimai, da limaman Juma'a, ita ce kada a bar saki mai 'ya'ya ya wuce ba rubutu: a ambaci mai riƙo, a yanka nafaƙar wata, a naɗa wa uba wakili daga danginsa, gonarsa kuma ta zama jingina in ya yi shiru. Jihar Sakkwato ta yi dokar kare yara tun 2021, fiƙihu kuwa ya riga ta da ƙarnuka, saboda haka ba hukunci muka rasa ba, mai zartarwa muka rasa. Baffan da ya zo neman yaro, a fara tambayarsa wa ya ciyar da shi tun ranar da aka saki uwarsa.